Kyautar fim da jarumtar zagin sarkin wani gari

Musu ya kaure a majalisarmu ta unguwar Nima da ke Accra makon jiya, ana cikin zagaye na biyu na ataya. Ɗan yayata, wanda ke ɗaukar bidiyon biki da suna da kyamarar haya, ya ce yana son yin fim a kan abin da ya faru a garin Ejura na nan Ghana a 2021, lokacin da aka kashe ɗan gwagwarmaya Kaaka, matasa suka fito zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta har aka rasa rai biyu. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Kawu, ai irin wannan fim ne ake ba kyauta a waje." Wani dattijon tela da ke gefe, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "A wajen, ɗana. Kai kuwa a nan za ka kwana."

Aka yi dariya, amma ni maganar ta bi ni gida. Yaron bai yi ƙarya ba. A 2025 bikin fina-finai na Cannes a Faransa ya ba Jafar Panahi babbar kyautarsa, mutumin da gwamnatin Iran ta taɓa ɗaurewa, ta kuma hana shi yin fim na shekara 20 tun daga 2010. Kafin nan ya ci ta Balin a 2015, ya ci ta Banis a 2000. Duk wanda ya dubi wannan zai ce masu raba kyauta suna son mai faɗa wa gwamnati gaskiya.

Suna so, in gwamnatin ba tasu ba ce. Laifi tudu ne. Sembène Ousmane na Senegal ya yi fim a kan kisan da sojojin Faransa suka yi wa sojojin Afirka a sansanin Thiaroye a 1944, mutanen da suka yi mata yaƙi suka dawo suna neman haƙƙinsu. Italiya ce ta karrama fim ɗin a Banis a 1988. A Faransa kuwa sai da ya yi kusan shekara goma bai ga ƙofar gidan sinima ba. Faransar nan ce dai ke tafa wa ɗan Iran yau.

Mu ma nan Afirka ba mu tsira ba. Babbar kyautar da Ghana ke tinƙaho da ita ita ce dokin Yennenga da Kwaw Ansah ya ɗauko daga bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1989 da fim ɗinsa Heritage Africa. (Ita Yennengar ma, in aka bi labarin baka, 'yar sarki ce daga arewacin ƙasar nan, don haka dokin gida ya dawo.) Fim ne mai kyau, ba na rage masa komai. Labarin wani ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, Kwesi Atta Bosomefi, da ya ji kunyar sunan da uwarsa ta raɗa masa ya mayar da shi Quincy Arthur Bosomfield don ya yi kama da na Bature. Har gobe muna da irinsa a ofisoshi. To amma a duba wanda ake suka: Baturen da ya tattara kayansa ya bar mu tun 1957. A duba kuma inda aka miƙa kyautar: Wagadugu, ƙasa da shekara biyu da kashe Thomas Sankara, Blaise Compaoré yana kan kujera, bikin kuma na gwamnati ne. A Accra, mulkin soja na Rawlings ne, lokacin da baki ya mutu. Sukar Bature a wannan shekarar kowa na iya tafa mata, har da masu kaki.

Ba sai alƙalan gasa sun zama matsorata ba kafin haka ta faru. Bikin ba da kyauta kuɗi yake ci: hayar zaure, tikitin jirgi, otal, nunawa a talabijin kai tsaye. Wani ne ke biya. Gasar fina-finan Afirka ta AMAA da aka fara a 2005 ta yi shekaru ana yin ta a jihar Bayelsa ta Nijeriya da kuɗin gwamnatin jihar. Namu na gida, irin Ghana Movie Awards da ya fara a 2010, da tallan kamfanoni suke tsayuwa, kamfani kuwa lasisi da kwangila yake nema a hannun gwamnati. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babu wanda zai ɗaga waya ya ce kada a zaɓi fim kaza. Mai shirya biki ya san minista ne zai zauna a sahun gaba, mai shirya fim ma ya sani, don haka tun a takarda ake cire wurin da zai ɓata wa babban baƙo rai.

Abin da ake bari ya wuce shi ne sukar da ba ta da mai ita. Karon farko da Ghana ta aika fim gasar Oscar, a 2019, Azali ta aika, labarin yarinya daga Arewa da ta faɗa cikin wahalar Accra. Mun san yaran nan, muna ganin su a kasuwa da kwano a ka, suna kwana a bakin shago. Fim ɗin ya taɓa zuciya. Sai dai talauci ba shi da lauya, ba ya kai ƙara kotu, ba ya janye talla.

Fim ɗin da ya kama suna a ƙasar nan, ya nuna fuska, ya nuna hannu yana karɓar kuɗi, shi ne Number 12 na ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas, a kan cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa. A watan Yunin 2018 mutane suka yi dogon layi a babban zauren taro na Accra don su gani. Cikin 'yan kwanaki shugaban hukumar ƙwallon ƙafa, Kwesi Nyantakyi, ya sauka, gwamnati ta ɗauki matakin rushe hukumar. Akwai masu cewa dabarar Anas tarko ce ba bincike ba, kuma musu ne da ya cancanci a yi. Amma a watan Janairun 2019 wasu a kan babur suka harbe Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, a Madina, bayan wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin. Madina ba nesa ba ce. Daga nan Nima motar haya ta trotro ɗaya ko biyu ce. Abin da telan nan yake nufi ke nan.

Ban ce kyauta ba ta da amfani ba. Wanda duniya ta san sunansa ya fi wuyar ɓatarwa, kuma kyauta takan buɗe ƙofar kuɗin fim na gaba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da ita ma'auni, har yaro ya zaɓi labarin mutanensa da tunanin abin da zai burge alƙali a Balin. Fim ɗin da aka yi don wancan alƙalin yakan fito da fassara a goshi, yana yi wa baƙo bayanin mene ne Zango, mu kuma da muke ciki mu kalla mu ji kamar ba mu ba.

Kuma ko an yi, a ina za a nuna? Nkrumah ya kafa kamfanin fim na ƙasa a 1964, a 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari nasa ga wani kamfanin Malesiya. Tsofaffin gidajen sinima da yawa sun koma coci ko rumbun kaya. Dattawan Nima har yanzu suna labarin sinimar Dunia da fina-finan Indiya, yaranmu kuwa sai dai su ji. Wanda ya rage a manyan shagunan zamani, kuɗin tikitinsa ya fi ƙarfin mai tura baro. Da ni ake shawara, da kuɗin jan kafet na dare ɗaya an sayi majigi da janareta an zaga da su Sabon Zango, Ashaiman, Aboabo da ita kanta Ejura.

Haka na faɗa wa ɗan yayata washegari: in zai yi, ya fara zuwa Ejura ya zauna da iyayen waɗanda aka kashe, ya yi shi da Hausar da suke ji, su fara gani kafin kowa, ya kuma nemi lauya tun kafin ya nemi kyamara. Ya yi shiru yana juya waya a hannu. Can ya ce, "To Kawu, kuɗin motar fa?" Na ba shi sidi ɗari biyu. Uwarsa ba ta sani ba tukuna.