Mu da muka san ayari, me ya sa muke barin na baya?

Ranar da na gaya wa yayana a waya cewa zan bi ayarin babura daga Jamus zuwa wani dutse a Italiya, sai da ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yanzu kai duk karatun nan da ka yi, ka je har ƙasar Turawa, a ce mashin za ka hau? Ina motarka?" Na ce, "Yaya, motar tana nan lafiya lau, mashin ɗin ne nake so." Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya. Na san abin da ke ransa. A Gombe, wanda Allah ya buɗa wa har ya sayi mota ba ya komawa kan mashin sai in karayar arziki ta same shi. Akwai kuma abu na biyu da bai furta ba, wanda duk gidanmu mun sani.

Mu tara muka tashi daga kusa da Stuttgart, ni kaɗai ne baƙar fata a ciki. Taron da muka nufa sunansa Stella Alpina, ana yin sa a Lahadi ta biyu ta watan Yuli tun shekarun 1960, a saman garin Bardonecchia da ke kan iyakar Italiya da Faransa. Ba tsere ba ne, babu na ɗaya babu na biyu. Mutane ne kawai daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa, su kafa tantuna a gindin dutse, gari ya waye su hau hanyar burji zuwa wata mashiga a saman dutsen mai suna Colle del Sommeiller, wadda tsayinta ya kai mita 2,993. Shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya, inda ta tsayar da mutane nan ne ƙarshen hawa.

Kwana biyu muka yi a hanya. Mun ratsa Suwizalan, inda sai ka biya faran 40 na shekara kafin ka hau babbar hanya, muka haura mashigar dutse ta Grand Saint-Bernard muka gangara garin Aosta a Italiya, muka sake haurawa muka faɗa Faransa, muka bi mashigun duwatsu na Col de l'Iseran da Mont Cenis muka dawo Italiya ta Susa. Kyan wuraren nan ba zan tsaya bayyana shi ba, hotuna sun cika intanet. Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne tun kafin mu tayar da inji.

Daren da za mu tashi, jagoranmu, wani dattijo mai aikin lantarki da ya yi ritaya, ya tara mu a garejinsa. Ya ba kowa matsayinsa a layi. Wata yarinya da ba ta daɗe da samun lasisi ba, mashin ɗinta ma ƙarami ne saboda doka ba ta yarda sabon hannu mai shekarunta ya hau babba ba, ita ya sa a bayansa kai tsaye. Wanda ya fi kowa ƙwarewa da ƙarfin inji, shi aka tura can ƙarshe, aka ɗora masa kayan faci da famfo da akwatin magani. Sannan dattijon ya faɗi dokoki uku. Ba mai wuce ɗan'uwansa a cikin layi. Kowa ya cika tanki a inda aka tsaya, ko da yana ganin mansa zai kai shi. Na uku kuma, ya ɗaga yatsa ya nuna madubin mashin ɗinsa, ya ce kowa amanar na bayansa tana wuyansa: in ka duba madubi ba ka ga fitilarsa ba, ka rage gudu, in har yanzu ba ka gan shi ba, ka tsaya.

Ina zaune a kan wani tsohon taya ina saurare, sai na ji kamar ana karanta mini abin da na riga na sani. Wannan ai ayari ne. Fataken ƙasar Hausa da suka yi ta zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni da jakuna, haka suke. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, an san zangon da za a sauka tun kafin a tashi, kuma jakin da ya fi rauni shi ke yanke yawan tafiyar yini. Har yau unguwannin da ake kira Zongo a Gana shaidar wannan tsari ne. Kakanninmu sun ratsa dazuzzuka da koguna da wannan ilimi. Mu jikokinsu da muka samu inji, sai muka ajiye shi muka ɗauki "na gaba ya yi gaba, na baya sai labari."

A Iseran na ga amfanin dokar madubi da idona. Wurin ya haura mita 2,700, kuma duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Mun baro kwari ana gumi, muka iske iska mai yanka fata a sama. Safar hannuna ta bazara ce. Da muka fara gangara sai na ji yatsuna sun daina jin birki, ina matsawa amma ban san iya ƙarfin da nake sawa ba, ga kwana a gaba, ga rami a gefe. Na samu wuri na raɓe na tsaya. Ban yi wa kowa alama ba, ban ma iya ciro waya ba. Kafin na gama sauke ƙafa, na bayana biyu sun tsaya. Na ɗaga kai na hango na gabana ya tsaya a kwana ta gaba, na gabansa shi ma haka, har zuwa kan dattijon, kamar an ja igiya ɗaya. Mai rufe baya ya sauko, ya cire mini safar da kansa, ya kama hannuwana ya kai su kusa da injinsa mai ɗumi, ya riƙe su a nan yana yi mini hirar da ba ta shafi komai ba har jini ya dawo. Ya buɗe jaka ya ba ni safar hunturu. Ba wanda ya duba agogo.

A nan ne abin da yayana bai faɗa ba ya taso mini, har na kasa haɗa ido da mutumin.

Shekarun baya an yi bikin wani abokinmu, aka ɗauki amarya daga Gombe zuwa Kumo. Mashina sun fi talatin, kowa da goyo, wasu goyon biyu, an cire salansa, ana ta murɗa totur ana kwanciya a kan tanki. Ɗan ƙanin babanmu yana cikin na baya. Ya faɗa rami a gefen kwalta, mashin ya jefar da shi cikin gona. Ba wanda ya gani, domin ba wanda yake kallon baya, da yawa ma sun cire madubin tun ranar da suka sayi mashin wai yana ɓata masa kyau. Sai da aka kai amarya, aka zauna cin abinci, sannan wani ya ce ina wane? Wani manomi ne ya tsince shi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma yaro ne da yake ciyar da mahaifiyarsa da wannan mashin ɗin. Duk waɗanda suka bar shi a gonar nan masoyansa ne, sun yi kuka a asibiti, sun haɗa kuɗin magani. Ba rashin ƙauna ba ne. Ba a taɓa ce wa ɗayansu, kai, wane amanarka ne ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Bature ya fi mu iya tuƙi. Wallahi bai fi mu ba. Ranar Lahadin, da kwalta ta ƙare bayan ƙauyen Rochemolles aka shiga tsakuwa da kwana-kwana masu kaifi, na ga manyan mutane a kan BMW na miliyoyi suna rawar jiki, ƙafa biyu a ƙasa. Wasunsu kuɗi suke biya a koya musu hawa burji. Ni kuwa ina tuna ɗan acaɓan da ke ɗauko buhu biyu na masara a kan Boxer daga ƙauyukan Dukku, cikin yashi da rani, cikin taɓo da damina, da silifas a ƙafarsa. Da za a kawo shi nan, da ya ba su mamaki. A kan dutsen ma na ga wani tsoho ɗan Italiya ya hau da tsohuwar Vespa, yana tafe a hankali, kowa na ba shi hanya ana tafa masa. Iska ba ta da kauri a can sama, inji yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita dubu, amma ƙananan mashina suna kaiwa. Ba tsadar ƙarfe ke kai mutum ba.

Turawan ma suna da nasu 'yan gangancin. A gefen hanyoyin nan za ka ga furanni da hotunan waɗanda suka mutu. Ƙarar salansa ta ishi mazauna ƙauyuka har a shekarar 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana mashina masu tsananin ƙara bin wasu hanyoyinta da bazara. Kuma na san bambancin wanda ya hau mashin don nishaɗi da wanda ya hau don tuwon dare. Rigar kariya da nake sawa ta fi kuɗin wani mashin ɗin a gida, kuma ko kyauta aka ba mutum, wa zai sa ta a zafin Gombe na watan Afrilu? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ɗaya ma lissafi ce. A nan Jamus kafin a ba ka lasisi sai ka yi darasin taimakon gaggawa da gwajin ido, mashin kuma duk shekara biyu sai an duba lafiyarsa, in hatsari ya faru ka buga 112 a zo. Waɗannan aikin hukuma ne, kuma a gida Najeriya mun ga yadda aka ƙare da dokar hular kwano da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa a Janairun 2009, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce shinge. Ina da ra'ayi a kan hular kwano, ina ganin wanda ya iya sayen mashin ya iya sayenta, amma ba ita ce maganata a yau ba.

Maganata ita ce dokoki ukun dattijon nan ko kwabo ba sa ci. Madubi nawa ne a kasuwa? Mece ce wahalar a ce kafin a tashi rakiyar amarya, ko tafiya ɗaurin aure, ko ta'aziyya a wani gari, babban cikin samari ya tsaya ya ƙirga mutane, ya ce wane kai ne gaba, wane kai ne baya, yaran nan su bi bayana, ba mai wuce wani? Kuma ba baƙon abu ba ne a idonmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe ya ga kowane hakimi da zugarsa, kowa ya san wanda yake bi, zagi na gaba, ba mai tsallake wani don dokinsa ya fi gudu. Jahi ma da ake sukuwa kamar za a tashi sama, gwanintar tana wajen tsayawa cak a gaban sarki. Yaron da ya san wannan a kan doki, me zai hana ya san shi a kan Jincheng?

Wani abu kaɗan da ya ƙara mini son mutanen: da azahar ta yi a kan dutse na ce zan yi salla, na yi alwala da ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙara, na haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan rigata. Da na sallame na tarar duk takwas ɗin suna zaune a kan mashinansu, inji a kashe, suna jira.

Duwatsu kuwa muna da su. Ka bar Gombe ka bi Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, dutsen Kilang na kallonka, ka karkata ka haura Tula, iska ta sauya maka tun kafin ka kai. Ga dutsen Bima a wajen Dadin Kowa. Wanda ya ƙara himma ya bi Numan da Jalingo da Bali da Serti, daga Mayo Selbe ya fara hawan Mambila zuwa Gembu, kwana-kwanan da ke nan ba su da abin da za su ji kunyarsa a gaban na Turai, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, mafi tsayi a Najeriya. Ilimin gangara iri ɗaya ne a ko'ina: ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe ka, domin birkin da aka danne tun daga sama zafi yake yi ya daina kamawa. Na girma awa biyu daga Tula, amma sai da na hau dutsen wasu sannan na ji takaicin ban taɓa hawa namu da niyya ba.

Da na dawo na kira yayana na ba shi labarin safar hannu. Na ce in Allah ya kai mu hutun Disamba ina so mu haɗa mashina goma, kada su wuce haka, mu tashi bayan asuba mu je Tula mu dawo kafin magariba, kowa da madubi biyu da hular kwano, ni zan sayi na waɗanda ba su da shi. Na ce kuma ina so ɗan'uwanmu mai ƙafar nan ya zo, ni zan goya shi. Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To wa zai tsaya a baya?" Na ce, "Ai kai nake so, Yaya." Ya ce bari ya kai tsohon mashin ɗinsa wajen bakanike a duba sarƙa da birki, kuma in taho masa da irin famfon nan ƙarami.