Zanzibar, Zanzibar, sai ka ce tsibiri guda Allah Ya halitta

Satin nan sau huɗu ana turo mini talla guda a WhatsApp, guruf ɗin 'yan kasuwa, na tsofaffin 'yan lakwal, har na dangi bai tsira ba. Hoton ruwa shuɗi, ango da amarya sun sha fararen kaya, an rubuta kwana biyar a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, kuɗin kuma miliyoyin sefa. Kamfanin da ya yi tallar ba ruwana da shi, kasuwarshi yake ci. Mu ne abin haushi, da muka koma kamar tumaki, inda ta gaba ta sa kai nan sauran za su afka. Shekarun baya Dubai ce, duk Alhajin da ya sayar da tirela biyu ta riɗi ko ta aya sai ya je ya tsaya gindin dogon benen nan an ɗauke shi hoto. Yanzu yayin ya koma bakin teku, kuma a duk faɗin tekun duniya suna guda kawai muka riƙe.

Ƙanen wani abokina ya je bayan aurenshi. Ranar da ya dawo ya zo fada muna shan shayi, ya miƙo mini waya ina ta wuce hotuna, kowane ya yi kyau ba ƙarya. Na ce to ango ka huta ko? Sai ya yi dariya ya ce "Yaya wallahi da na sani da Madarunfa na kai ta, mu ci kifi mu dawo gida." A Nungwi aka sauke su, can arewacin tsibirin inda otal-otal suka yi cincirindo, ya ce kiɗa daga magariba har kusan asuba, in ka taka yashi kafin ka yi taku goma mutum biyar sun tare ka, wannan yawon kwale-kwale, wancan tabarau, wani tausa, ga baƙi kwance ko'ina da ɗan kamfai. Amarya kuwa, ɗiyar malamai da ko ƙofar gida ba ta fita ba hijabi, kwana biyu ta yi ta ce ita a bar ta a ɗaki. Hoton da ya fi kyau a cikin wayar, wanda su biyu kaɗai ne a bakin ruwa, bayan sallar asuba suka yi sauri suka ɗauka kafin jama'a su farka.

Ba laifin mutanen Zanzibar ba ne, Musulmi ne 'yan uwanmu masu kara, kuma tsohon garinsu da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2000 ya cancanci a gani. Amma baƙin da suka shiga can a 2024 sun haura dubu 700, kuma kusan dukkansu kan tsibiri guda suke sauka, Unguja. Tun watan Oktoban 2024 ma sai ka biya inshorar dole ta dala 44, kusan jikka 25 kenan kan kowane mutum, ban da biza ban da kuɗin jirgi. Wurin da ake tururuwa haka ai kasuwa ce, kuma mutumin Maradi bai rasa kasuwa ba balle ya hau jirgi biyu ya je nemanta.

Mi muke gudu in mun ce za mu huta? Ƙarar kabu-kabu, janareton maƙwabci, ƙurar hunturu, zafin watan huɗu da ko fanka iskar wuta take hurawa, wayar da ba ta daina ƙara, da layin masu buƙata da ke jiranka a zaure tun kafin ka karya. Wanda ya gudu daga wannan abin da yake so shi ne shiru, ya zauna ya ji ruwa na bugun gaɓa, ya yi sallarshi, iyalinshi su wala ba idon kowa a kansu. To in shiru ake nema tsibiran da ba su yi suna ba su ne maganin, kuma suna nan birjik.

Ko ba ka son canza hanya, daga Unguja ɗin nan tafiyar kusan rabin awa ce a ƙaramin jirgi zuwa Pemba. Larabawa sun kira ta Jaziratul Khadra'u saboda korenta, tsibirin kanumfari ne, wanda matanmu ke zubawa a kunu da shayi, lokacin girbi a tabarmi ake shanya shi bakin hanya. Otal kaɗan ne, giya ba a fili take ba, mata a rufe suke kamar na gida. Kusa da ita akwai ɗan tsibirin Misali da mutanen wurin ke cewa Annabi Halliru ya yi salla a kai, wai daga kalmar abin salla sunan ya fito. A Kenya kuma ga Lamu, garin da jakuna ne motocinshi don lungunan sun yi wa mota ƙunci, kuma Mauludin da ake yi a masallacin Riyadha sananne ne a duk gabashin Afirka. Wa ya taɓa turo maka tallar waɗannan?

Ni dai wanda na taka da ƙafata a yammacinmu yake, Karaban, a bakin kogin Kazamans kudancin Senegal. Na je Dakar wani aiki shekarun baya, na samu kwana huɗu ba abin yi, sai na shiga babban jirgin ruwan da ke zuwa Zigincor, wanda aka sa wa sunan Aline Sitoé Diatta, matar nan da ta yi wa Faransawa tirjiya suka kai ta Tumbutu ta rasu can. Da dare ya tashi, na kwana ina jin ciki na juyawa, ɗan tudu ne ni ba ƙarya, gari na wayewa sai ga itatuwan da ke tsirowa cikin ruwa dama da hagu. Da aka sauke mu abin da ya fara ba ni mamaki babu ƙarar inji ko ɗaya. Ba mota, ba kwalta, yashi ne kawai kake takawa har ɗakin kwana. Akwai tsohon coci na zamanin Turawa, da kabarin wani kyaftin ɗin Faransa da suka ce a tsaye aka binne shi, akwai masallaci, akwai mata na gasa kifi da kawa. Da rana na ci shinkafa da kifin da aka kamo da safen, na biya da sefar da na fito da ita daga Maradi, ba ɗan canji ba lissafin dala. Dare na biyu na yi barci tun bayan isha'i har sai da kiran asuba ya tashe ni, rabon da in yi haka har na manta.

Wannan maganar sefa ba ƙarama ba ce. Senegal da Gine-Bisau duk muna cikin UEMOA tare, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu sefa, kuɗinmu guda. Kuma a Gine-Bisau ɗin ne tsibiran Bijagos suke, guda 88, wajen ashirin kawai ke da mutane, a Orango har dorinar ruwa ke shiga ruwan gishiri. Gaban Konakiri ma ga tsibiran Kasa da Rum, kwale-kwale ake shiga daga tashar Bulbine, sai dai can kuɗinsu daban ne. Sannan ku duba lokaci, watan huɗu da na biyar da zafi ke korar mu daga gida shi ne tsakiyar babbar damina a Zanzibar da Pemba, alhali Kazamans da Bijagos suna cikin rani. Mai talla ba zai gaya maka wannan ba.

Na san abin da za a ce. Wai wa ya san Karaban, in ka ce can ka je wa zai yi maka kallon wanda ya je wani wuri? To ashe ba hutu kake nema ba, shaidu kake nema, ka tsaya studiyo a nan gari a liƙa maka teku a baya ka adana kuɗinka. Masu cewa ana fama da tsadar hatsi kai kana zancen tsibiri, ba da mai neman tiyar gero nake ba, da wanda ya riga ya ware miliyan zai ƙona nake. Maganar da na yarda da ita guda ce, ta haɗari. Waɗannan wurare asibiti na da nisa, wuta da intanet sai a hankali, siyasar Bisau ba ta rabuwa da rikici, kuma kan wannan hanyar ta Kazamans ne jirgin Joola ya kife a 2002 da mutum sama da 1,800. Don haka kar ka shiga kwale-kwalen da ba rigar ceto ko an ce kyauta ne, kar ka ɗauki tsoho mai hawan jini ka kai shi inda likita sai an tsallaka ruwa. Amma wanda ke bin hanyar Maradi zuwa Yamai a kar ɗin dare, kilomita sama da 600, ban ga ta inda zai yi mini wa'azin tsoron tafiya ba.

Kamfanonin tafiye-tafiyenmu da suka ƙware a Hajji da Umra da Dubai, su taɓa motsawa mana, su aika mutum guda ya je ya kwana ya gano, su haɗa tafiyar iyali da abincin halal da wurin da mata za su shiga ruwa ba kunya. Ƙanen abokin nawa dai har yanzu yana biyan bashin kwana biyar ɗin nan, jiya ma na gan shi a kasuwa yana cinikin babur ɗinshi.