Ku ƙyale ɗan rahoto ya buga ƙwallonsa

Wai mutane har yanzu mamaki suke in sun ga ɗan rahoton gidan talabijin ɗin yankinsu yana buga ƙwallo da yamma ko yana fama da kiwon tantabaru, sai ka ji ana cewa ina ruwan ɗan jarida da wannan shirme. Haba jama'a! Rahoton nan da kuke gani na minti ɗaya da rabi a labaran dare, wuni guda ya ci. A ƙananan tashoshi da yawa yanzu mutum ɗaya ne ke ɗaukar kyamara da ƙafarta da makirfo, shi zai yi hira, shi zai rubuta, shi zai ɗora murya ya yanka bidiyon a laptop wani lokaci ma a cikin mota, edita na ta kira wai saura minti goma a fara labarai.

Kuma ni a ganina wannan ƙwallon da kuke rainawa ma aiki ne. A bakin fili zai ji cewa asibitin unguwa kaza ya kwana uku babu likita, wanda ba za a taɓa faɗa masa a taron manema labarai ba, don can takarda kawai ake miƙa maka ka karanta. Wanda bai da wata harka sai ofis, labaransa duk na ofis ne, kana kallo kana hamma.

Ku duba Oprah Winfrey mana, shahararriyar mai shirin hira a talabijin ɗin Amurka. A tashar WLAC ta Nashville ta fara karanta labaran talabijin tun tana ɗaliba, 1976 ta koma WJZ a Baltimore, ba a jima ba suka sauke ta daga kujerar labaran yamma, ita da ma labarin mutane na shiga ranta sosai. 1978 suka tura ta shirin hira na safe, to wannan halin nata ɗin ne ya ɗaga ta har ta tafi Chicago a 1984.

Abu ɗaya dai ban yarda da shi ba, in kulob ɗin da yake goyon baya ko abokin kiwonsa ya shiga labari, ya miƙa wa wani abokin aiki ya yi. Wanin wannan kam, in ya aika rahotonsa an saka, ku bar bawan Allah ya ɗaure takalminsa ya shiga fili.