Ƙarin ruwa ɗaya mai ƙarfi ya fi bakwai sauƙi ga mai wannan sanƙarau

Akwai sanƙarau da ba ya jiran lokacin zafi. Wata ƙwayar cuta dangin funfuna mai suna Cryptococcus, wadda ake samu a ƙasa da kashin tattabara, ita ke kawo shi, kuma masu ƙanjamau da garkuwar jikinsu ta faɗi warwas ya fi kamawa. Da ciwon kai mai naci yake farawa, a yi makonni ana shan maganin zazzaɓi, sai ruɗewa ta biyo baya. An ƙiyasta yana kashe mutum 112,000 a shekara, akasari a Afirka.

A da, wani magani mai suna amphotericin B ake sa wa majinyaci a ƙarin ruwa kullum har kwana bakwai. Yana aiki, amma yana taɓa ƙoda, yana rage jini, jijiyar hannu ta kumbura. Wanda ya taɓa jinya ya san nauyin kwana bakwai: tabarma a baranda, kuɗin gwajin jini, ga wani can yana jiran gadon.

A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin AMBITION, da aka yi kan majinyata sama da 800 a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Uganda da Zimbabwe. An ba rabinsu nau'in amphotericin B da aka lulluɓe da kitse, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki, sau ɗaya tak, sannan suka sha ƙwayoyin flucytosine da fluconazole na mako biyu. Cikin mako goma kashi 24.8 cikin ɗari suka rasu, a tsohon tsarin kuwa kashi 28.7. Ƙarancin jini mai tsanani ya sauko daga kashi 39 zuwa 13. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin.

Na fahimci mai tsoron magani mai ƙarfi, kuma kada wani ya ɗauki wannan lasisin ninka ƙwayar kemis. Aikin asibiti ne, a gaban likita. Haka kuma mutum ɗaya cikin huɗu ya rasu duk da maganin, don haka gwaji da wuri da zuƙe ruwan ƙashin baya don rage matsi a kai suna nan daram.

Abin da ke ci mini rai shi ne rashin maganin. A asibitoci da yawa na Afirka fluconazole kaɗai ake samu, alhali an daɗe da sanin ba ya wadatarwa. Najeriya na da masu ƙanjamau kusan miliyan biyu. Ya kamata ma'aikatun lafiya su sayi magungunan ukun tare, su kai su asibitocin jihohi, ba na koyarwa kaɗai ba.