Wai ina ɗakunan arahar da ake ta tallata mana a Turai?

Tsakani da Allah masu shafukan kama ɗakin otal ɗin nan sun gama raina wa mutane hankali. Ka buɗe manhaja su watso maka hoton ɗaki fes, zanin gado fari tas, a ƙasa an rubuta yuro 68 dare ɗaya, ka ce alhamdulillahi wannan kam zan iya, ka danna nan ka danna can, kafin ka kai wurin saka lambar kati kuɗi ya haura ɗari, sannan can ƙasa da wani ɗan mitsitsin rubutu da sai ka ƙanƙance ido an ce akwai sauran abin da za ka biya idan ka iso. To don Allah 68 ɗin na mene ne? Kuɗin kallon hoto?

Da a ce gari ɗaya mutum zai je ya zauna da da sauƙi, a cuce ka sau ɗaya ka haƙura. Amma ka ce za ka ɗan zaga, Faris, Amstadam, ka gangara Italiya ka ga Benis da Rum, to duk wata cuta da suka iya sai an maimaita maka ita a kowane gari, kuma kowane gari da irin tasa. Shi ne abin da masu bidiyon "yadda na zaga Turai da kuɗi kaɗan" ba sa faɗa maka, wallahi su ma ina da magana da su amma ba yau ba.

Matsalar tun daga biza take farawa. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗaka ta yawancin ƙasashen Turai, ba shi da damar cewa bari na isa can na duba gari na zaɓi inda ya yi min. A'a. Sai ka kai musu shaidar inda za ka kwana tun daga daren farko har na ƙarshe, ga inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, ga kuɗin bizar kanta da aka mayar yuro 90 a 2024, kuma ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema wa, wato dole lissafin kwanakinka ya zauna daram tun kafin ka san ko za a ba ka ko ba za a ba ka ba. Yanzu ka dawo shafin otal. Farashi biyu ne a gabanka, mai araha wanda idan ka fasa kuɗinka ya tafi kenan, da mai tsada wanda za ka iya sokewa. Wanda bai da tabbacin biza wanne zai ɗauka? Mai tsadar mana, a kowane gari kuma. Su da ke shiga jirgi da fasfo kawai su ne ke cin arahar, kai da ka fi buƙatarta kai ne ba ka isa ka taɓa ta ba. Kuma ko "sokewa kyauta" ɗin ma da wa'adinta, wani otal ya ce kwana biyu kafin zuwanka, wani ya ce mako guda, wani tun da wuri zai riƙe kuɗin daren farko a katinka wai don ya tabbatar katin na aiki. Wurare huɗu biyar kowa ya riƙe nasa, ka duba asusunka ka ga ya rame alhali ko akwati ba ka ɗaure ba. Ofishin jakadanci kuwa a ƙa'ida kwana 15 ne, amma suna da damar jan abin har kwana 45, ka zauna kana kallon ranar sokewa tana matsowa fasfonka yana hannunsu.

Sai harajin baƙi. Ni ban ce kada gari ya karɓi haraji ba, su ke share titinsu su ke kwashe sharar da muke zubarwa. Abin da ke ƙona min rai shi ne a ɓoye shi. Amstadam tun 2024 kashi 12.5 cikin ɗari suke ɗorawa a kan kuɗin ɗaki, yana cikin mafi tsada a duk Turai. Faris a shekarar da suka karɓi gasar Olamfik suka ninka nasu har kusan sau uku don a tallafa wa sufurin yankin, otal mai tauraro uku sama da yuro 5 kowane mutum kowane dare. Rum daga yuro 4 zuwa 10 gwargwadon taurarin otal. Ka lura, a Faris da Rum kowane mutum ne, ba kowane ɗaki ba. Kai da iyalinka ku ninka ku gani. Duk waɗannan alƙaluman sanannu ne, hukumomin garuruwan sun wallafa su, manhajar ta san ranar zuwanka ta san ku nawa ne ta san taurarin otal ɗin, me zai hana ta haɗa lissafi ta ba ka jimla tun a shafin farko? Ba komai ba ne illa suna so ɗakin ya fito a sama idan ka jera daga mai araha zuwa mai tsada. Sai ka iso a gajiye da dare yaron resefshan ya miƙo maka wata 'yar takarda yana murmushi, wani wurin ma ya ce wannan kam tsabar kuɗi suke karɓa.

To ka ce bari na bar otal na kama gidan haya na 'yan kwanaki, ga kicin ka dafa abinka ka rage kashe kuɗi. Nan ma wata gonar ƙaya ce. Kuɗin shara sau ɗaya ake biya a kowane masauki, ko dare biyu ka yi ko goma. Wanda ya zauna gari ɗaya ya biya sau ɗaya ya manta, kai mai tsalle daga gari zuwa gari kowane dare biyu uku sabon kuɗin shara, sabon kuɗin manhaja. Misali gida yuro 80 a dare, shara 50, ka yi dare biyu, ai ɗakin ya koma 105 tun ba a zo maganar haraji ba. Kuma bayan ka biya kuɗin sharar a manne maka takarda a jikin firij, wai ka wanke kwanuka, ka cire zanin gado, ka raba kwalba daban leda daban ka sauke ƙasa kafin ƙarfe 10. Haba jama'a. To sharar me na biya?

Gidajen ma yanzu ƙaranci suke yi. Amstadam a 2025 dare 30 kacal a shekara aka yarda mutum ya ba baƙi hayar gidansa, Faris ta rage nata daga dare 120 zuwa 90 a 2025, Basilona kuwa magajin garinsu Jaume Collboni ya sanar tun 2024 cewa lasisin gidajen baƙi sama da 10,000 za su ƙare a 2028 ba za a sabunta ba. Gaskiya a nan ba na ganin laifin 'yan gari, mutum an haife shi a unguwa haya ta kore shi saboda mai gida ya gano baƙon dare uku ya fi kawo kuɗi, ko ni ne sai na yi zanga-zanga. Amma wa ya ci ribar abin? Masu otal. Amstadam ɗin nan dai a 2024 ta ce ba za a ƙara gina sabon otal ba sai in wani ya rufe, wato ɗakuna ba sa ƙaruwa, baƙi ba sa raguwa, sai farashi ya kama hanyar sama ba mai tsawatar masa.

Sai su ce ai ka fita bayan gari. Na fita. Wani masauki da na kama an rubuta "minti 20 zuwa tsakiyar gari", ashe minti 20 ɗin na cikin jirgin ƙasa ne kawai, ba a lissafa tafiyar ƙafa zuwa tasha ba, ba a lissafa jiran bas ɗin da ke daina aiki da wuri ba, ba a ce maka unguwar ta fita daga shiyyar tikiti mai araha ba. Abin da ka rage a ɗaki ka mayar wa sufuri, ka ƙara da gajiya, in dare ya yi maka kuma tasi ta cinye ribar kwana biyu. Ban ce duk bayan gari haka yake ba, Mestre da ke tsallaken gadar Benis alal misali tana da ma'ana, minti goma da 'yan kai ne a jirgin ƙasa ka shiga tashar Santa Lucia da ke cikin Benis. Amma masu otal ɗin can ma sun farga tuni, suna rubuta Benis a sunan otal suna caji kamar kwale-kwale na wucewa ta ƙofarsu. Irin wasan da ake yi da filin jirgin Beauvais kenan, a tikiti an rubuta Faris, a ƙasa kuwa kusan kilomita 85 ne tsakaninsa da birnin, ka sauka da tsakar dare ka fara tunanin ko masaukinka zai buɗe maka ƙofa.

Maganar ƙofa ta tuna min. Wannan sabon salon na babu resefshan, a turo maka lamba ka buɗe ɗan akwatin mabuɗi da ke maƙale a bango. Na tsaya a wani lungu ana yayyafi, akwatuna a gefe, wayata saura ƙiris ta mutu, na juya lambobin nan har yatsuna suka yi tsami akwatin ya ƙi buɗuwa. Mai gidan ba ya ɗaga waya, sai saƙon da na'ura ke mayarwa wai yana farin cikin karɓar baƙuncina. Da ƙyar wata tsohuwa da ke hawa na biyu ta leƙo ta taga ta nuna min da hannu cewa ba wannan akwatin ba ne, akwai wani a bayan bututun ruwa. Na shiga, ba lifta, matakala a tsaye ƙiƙam kamar tsani, hawa huɗu da kaya. Ɗakin da a hoto ya yi kama da falo, idan ka buɗe akwati a ƙasa ƙofar ba ta rufuwa. Tagar da aka yi alfahari da ita bangon maƙwabta take kallo, za ka iya miƙa hannu ka taɓa shi. Banɗaki an ce naka ne kai kaɗai, eh naka ne, amma yana can ƙarshen baranda sai ka ɗauki mabuɗi ka fita.

Ga kuma ranar tashi daga gari zuwa gari, wadda ba wanda ke lissafa ta. Ƙarfe 11 na safe an kore ka daga nan, can kuma ba za a ba ka ɗaki ba sai ƙarfe 3 ko 4 na yamma. Otal ko ba komai zai ajiye maka kaya, gidan haya kuwa babu wanda zai karɓa, sai ka je tasha ka biya kuɗin ajiya kowace jaka da nata. Ka roƙi a bar ka ka shiga da wuri a ce akwai caji, ka iso bayan ƙarfe 9 na dare a ce shi ma akwai caji. Ka ga dare da ka biya cikakken kuɗinsa bai ma wuce awa 20 ba.

Kada wani ya ce min hostal, masaukin nan da ake biyan kuɗin gado a ɗakin haɗaka. Na sani, matashi shi kaɗai da jakar goyo zai iya kwana da mutum takwas a gadon sama da ƙasa ya saurari minsharin duniya. Amma mai mata fa? Mai yara fa? Da yawansu ba sa ma karɓar ƙananan yara a ɗakin haɗaka, ɗakinsu na keɓe kuwa kuɗinsa ya kamo na otal. Kuma a lokacin zafi a Amstadam gado ɗaya tak a cikin taron mutane sai ka ji kuɗin da za ka riƙe baki. Otal ɗin ma yawancin ɗakunansu na mutum biyu ne, ku huɗu sai ɗaki biyu, babu wani a shimfiɗa wa yara a ƙasa, dokar kashe gobara ta hana in ji su.

Farashin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka duba da safe, ka je ka daidaita tikitin jirgin ƙasa don ranakun su haɗu, ka dawo da yamma ya ƙaru, ga jan rubutu yana ƙyafta maka ido wai saura ɗaki ɗaya, wai mutane da yawa na kallonsa yanzu haka. Kuma tafiyar gari da yawa sarƙa ce, ka matsa rana ɗaya a Faris don ka samu sauƙi, sai na Amstadam ya faɗa daren Asabar, na Rum ya faɗa ranar wani biki ko babban taro da ba ka da labarinsa, ka koma ka warware komai daga farko. A 2025 ma Rum shekarar Jubili ta cocin Katolika ce, masu ziyara ta ko'ina, masu masauki suka samu hujjar da suke nema.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai gidan da ya soke min ana saura 'yan kwanaki, wai famfo ya fashe. Washegari ina dubawa ga gidan nan ya dawo kan shafi a ranakun nan dai, da sabon farashi. Ni in na fasa a cinye min kuɗi, shi in ya fasa sai a turo min "muna ba da haƙuri" da jerin wasu gidaje da suka ninka nawa tsada. Na rubuta wa masu kula da kwastoma, na tura hoton shafin da kwanan wata da komai, na'ura ta fara amsa min, da ƙyar na samu mutum, shi kuma ya ce kuɗina zai dawo cikin kwanakin aiki kaza, bambancin farashin sabon masauki kuwa za su "duba". Na ce masa adireshin gidan nan fa shi ne a cikin takardun da na kai aka ba ni biza, idan jami'in shige da fice ya tambaye ni inda zan kwana me zan nuna masa? Ya ce ya fahimci damuwata ƙwarai, akwai wani abu kuma da zai iya taimaka min da shi yau?