Samurai da gasasshen naman sa: haɗin da tarihi bai yi ba

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da gidajen cin nama irin na Japan da ake ta yaɗa bidiyonsu. Mai girki na tsaye gaban faffaɗan farantin ƙarfe yana jujjuya wuƙa, wuta na tashi, ga takubba rataye a bango, sai a ce wai gadon samurai ne. Abincin ba ni da ja a kansa. Tarihin da ake jingina masa ne ban yarda da shi ba.

Samurai su ne mayaƙan da suka riƙe ragamar Japan tun zamanin Minamoto no Yoritomo, wanda aka naɗa shogun, wato shugaban mulkin soja, a 1192, har faɗuwar gidan Tokugawa a 1868. Da shinkafa ake auna albashinsu, kuma ita ce cimarsu, da kifi da ganye da miyar miso, wani irin daddawar waken soya. Naman sa kuwa abin ƙyama ne a wurinsu. Tun a 675 Sarki Tenmu ya hana cin shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a watannin noma, addinin Buddha kuma ya ƙara dasa ƙyamar a zukata. Sa dabbar huɗa ce, ba a taɓa shi. Naman farauta, irin su barewa, ana ɗan ci. Masarautar Hikone ma takan aika wa shogun naman sa da aka jiƙa cikin miso, amma da sunan magani.

Ga inda abin ya fi taɓa ni. Gwamnatin da ta buɗe ƙofar cin naman sa ita ce ta rusa samurai. A 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci nama, don talakawa su yi koyi da Turawa. A 1876 aka hana samurai yawo da takobi, aka soke albashinsu na gado. Shekara guda bayan haka Saigo Takamori ya jagoranci samurai suka yi tawaye daga yankin Satsuma, aka murƙushe su. Ta yaya za a ɗauki hoton mutanen nan a sayar da naman da ya shigo tare da faɗuwarsu?

Shi kansa gashin nan, teppanyaki, ɗan jiya ne. Gidan abinci na Misono a Kobe ya fara shi a 1945, kuma baƙi ne suka fi rububinsa. Wasan wuƙar ya bunƙasa ne a Amurka, bayan Rocky Aoki ya buɗe gidan abinci na Benihana a New York a 1964.

In ana neman alaƙa ta gaskiya, a dubi hannun mai girkin. Da aka daina sayen takubba, maƙera da dama, musamman a garin Seki, sun koma ƙera wuƙaƙen girki da ƙwarewar da suka gada. Wannan labarin ya kamata a riƙa ba masu cin abinci, domin shi ya faru.