Ma'anar "severally" a takardar bashi

Idan ɗan Najeriya ya ce "I called him severally", nufinsa ya kira mutumin sau da yawa. Wannan amfani ya yaɗu har babban ƙamus na Oxford ya shigar da shi a 2020 a matsayin Turancin Najeriya, don haka ba abin kunya ba ne a hira. Amma asalin ma'anar kalmar ita ce ɗaya-ɗaya, kowa a kan kansa, kuma da wannan ma'anar lauyoyi suke rubutu har yau.

A nan ne abin yake damuna. Mutum uku su tsaya wa ɗan'uwansu ya karɓi bashin banki, a takardar an rubuta "jointly and severally liable". Mai sa hannu ya karanta, ya ɗauka ana maganar biya sau da yawa ne, wato kaɗan-kaɗan, ko kuma za a raba kuɗin gida uku. Ko kusa! Abin da ya sa wa hannu shi ne: idan mai bashin ya kasa biya, banki na da ikon bin su ukun a tare, ko ya zaɓi mutum ɗaya, galibi wanda ya fi abin hannu, ya karɓi kuɗin gaba ɗaya daga wurinsa. Shi kuma daga baya ya je ya nemi kason sauran.

Mai son cewa sau da yawa a wasiƙar aiki ko jarrabawa, "several times" zai rubuta.